Masaƙa ko Shago: Ina Makomar Aiki a Kudancin Kogin Kaduna?

Masana tattalin arziki sun saba kasa sana'o'in ɗan Adam kashi uku. Kashi na farko masu ciro arziki ne daga ƙasa da ruwa: manomi, makiyayi, masunci, mai haƙar ma'adinai. Na biyu masu sarrafa abin da aka ciro har ya zama wani abu dabam: masaƙi, maƙeri, magini, ma'aikacin matatar mai. Na uku su ne masu sayar da hidima: ɗan kasuwa, direba, malamin makaranta, ma'aikacin banki, mai aski. Allan Fisher da Colin Clark ne suka yayata wannan rabo tsakanin shekarun 1930 da 1940, suka kuma haɗa shi da wani hasashe, cewa in ƙasa tana bunƙasa mutanenta kan bar gona su shiga masana'anta, in arziki ya ƙara yalwa su bar masana'anta su koma hidima. Haka kuwa aka gani a Ingila da Amurka da Japan.

A garin Kaduna kogi ne ya yi wannan rabo. Tun da Turawa suka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru suka kawo ta nan a 1917, ofisoshin gwamnati da barikokin soja da gidajen manyan ma'aikata suka fi yawa a arewacin kogi. Kudu kuwa ta jirgin ƙasa ce, a nan mahaɗar layin dogo take, kuma dogon ne ya jawo masana'antu suka yi sansani a Kakuri da Makera da Nassarawa da Kudenda. A 1957 masaƙar Kaduna Textiles, wadda aka fi sani da KTL, ta fara aiki, haɗin gwiwar gwamnatin Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila. Hikimar a fili take: audugar da ake nomawa a Funtuwa da Malumfashi da Gusau da ƙasar Zazzau, maimakon a ɗaure ta dila-dila a kai Turai sannan a sayo ta yadi, a kaɗa ta a saƙa ta a gida. Nortex ta biyo baya, sai UNTL ta attajiran Hong Kong a 1964, sai Arewa Textiles da Japanawa suka zuba wa jari. A 1964 ɗin aka kafa ma'aikatar ƙera makamai ta DICON. Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri a 1975, matatar mai ta buɗe a kan hanyar Kachiya a 1980, ga kamfanin taki, ga na wayar lantarki, ga na lemo da na giya. Masaƙun nan ba sa barci, dare da rana ake juyi, kuma duk wanda ya rayu a Kakuri a wancan zamani zai ba ka labarin jiniya da tururuwar kekunan ma'aikata a lokacin canjin aiki.

KTL ta rufe a 2002. Arewa da Nortex da Finetex suka bi sahu cikin 'yan shekaru. UNTL ta tsaya a 2007, aka sake buɗe ta a 2010 da rancen gwamnati, amma ba ta koma ƙarfinta na da ba. Matatar mai ta shafe shekaru ba ta tace komai. Wanda ya bi titin Kachiya yau, daga shataletalen tashar jirgi ya ratsa Kakuri da Television ya kai Sabon Tasha, abin da zai gani shi ne keke mai ƙafa uku, lemar 'yan POS, shagunan waya, kemis, makarantun kuɗi, otal-otal, masu gwanjo, masu abinci. A ma'aunin Fisher da Clark, kudancin Kaduna ta tashi daga kashi na biyu ta shiga na uku. Ci gaba ke nan ko faɗuwa? Kuma in akwai kuɗi da ƙarfin gwamnati da za a kashe, ina ya kamata a zuba su: wajen tayar da masana'antu, ko wajen gyara wa hidima da kasuwanci hanya? Mutane masu hankali sun rabu biyu a kan wannan, kuma kowane ɓangare yana da abin faɗa.

Masu cewa a rungumi hidima ba maƙiyan Kakuri ba ne, da yawansu 'ya'yan tsofaffin ma'aikatan masaƙa ne da suka ga yadda jiran gawon shanu ya cinye ƙuruciyar iyayensu. Hujjarsu ta farko ita ce duniya ta riga ta juya. Da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sabunta lissafin arzikin Nijeriya a 2014, sai ga shi hidima ta kai kusan rabin abin da ƙasar ke samarwa ko ma fiye, saboda an shigo da sadarwa da fina-finai da sauran harkokin da tsohon lissafin bai kula da su ba. Wayar salula da ta shigo a 2001 ta buɗe wa matasa sana'o'in da kakanninsu ba su san da su ba, kuma ba wanda ya ba su ranar fara aiki ko takardar ɗauka.

Hujjarsu ta biyu ta fi ciwo, domin tana taɓa abin da muke alfahari da shi. Suna cewa masana'antun nan a inuwar gwamnati suka girma, da aka janye inuwar rana ta kashe su. An hana shigo da yadin waje, ana samun baƙin mai da araha daga matata don hura tukwanen tururi, naira na da tsada ta yadda sayo injuna da rini da kayan gyara daga waje bai zama nauyi ba, gwamnati kuma ita ce babbar mai sayen motocin Peugeot. Akwai lokacin da sassan motar nan da jirgin sama ake ɗauko su daga Liyon ta Faransa a kawo Arewa a ɗaura. Wane irin ƙira ne wannan, in ji su, wanda rabin aikinsa a wata ƙasa ake yi? Da shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, aka kuma ɗage takunkumin shigo da yadi a 1997, daga baya kayan Sin suka cika duniya bayan ƙarewar yarjejeniyar kason tufafi a 2005, sai gaskiyar ta fito: yadin Kakuri ya fi na waje tsada. Kuma wa yake biyan bambancin a zamanin kariya? Talaka mai sayen atamfar Sallah ko ta Kirsimeti. Yau uwar 'ya'ya biyar tana iya yi wa gidanta ɗinki da abin da a da ba zai ishi mutum biyu ba, kuma wannan ma arziki ne ko da ba ya fitowa a jadawali.

Sannan suna tuna mana cewa an gwada. An ware naira biliyan 100 don farfaɗo da auduga da masaƙu ta hannun Bankin Masana'antu. A 2019 Babban Bankin Nijeriya ya hana masu shigo da yadi dalar gwamnati, a watan Agustan shekarar aka rufe iyakokin ƙasa na tudu har zuwa Disamban 2020. Jiniyar Kakuri ba ta sake busawa ba. Ko da za a sake buɗe KTL gobe da sababbin injuna, injin saƙa na zamani hannu kaɗan yake buƙata, mutum guda kan kula da jerin injunan da a da sai mutum goma ko fiye. Ga nisa daga teku, ɗaruruwan kilomitoci a kan hanyar da kowa ya san halinta. Suka ƙara da wata magana da ba a cika faɗa ba: masaƙun Kaduna maza suka fi ɗauka nesa ba kusa ba, alhali shago da ɗinki da kitso da sayar da abinci sun ba mata damar riƙe kuɗin kansu da ɗan jari kaɗan, ba tare da sun nemi alfarmar kowa ba.

Ban ga ƙarya a cikin waɗannan hujjoji ba. Abin da na gani shi ne sun tsaya a rabin hanya, kuma daga nan ne masu goyon bayan masana'anta suke ɗauka.

Tambayarsu ta farko ita ce: wace hidima? Ma'aikacin inshora a Landan da mai tura baro a kasuwar Monday ta Kakuri duk a kashi na uku jadawali ya sa su, amma ba hanya ɗaya ta kai su can ba. Na farko ya shiga hidima ne bayan masana'antu sun tara wa ƙasarsa dukiyar da za ta iya biyansa. Na biyu ya shiga ne don babu wata ƙofa a buɗe. Masanin nan Dani Rodrik ya nuna a 2015 cewa ƙasashe da dama na Afirka da Latin Amurka masana'antunsu sun fara ja da baya tun suna da talauci, tun kafin su kai inda Turai da Gabashin Asiya suka kai lokacin da suka juya zuwa hidima. Kafin shi da daɗewa, Keith Hart ya zauna a unguwar Nima ta Ankara a ƙasar Gana, zangon da Hausa ke yawo a bakin kowa, ya rubuta a 1973 a kan ɗimbin mutanen da ke neman abinci a sana'o'in da gwamnati ba ta san da su ba. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga na 'yan shekarun nan sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya a irin wannan hali suke: babu albashin wata, babu fansho, babu hutun rashin lafiya. Ranar da ba ka fita ba, ranar ba a ɗora tukunya.

Hujja ta biyu ita ce ta fi kama ni, kuma a kanta nake son mai karatu ya daɗe. Mai aski ya yi wa direban keke aski, direban ya kai matar mai askin kasuwa, ta sayi tumatir a wurin wata, wadda ita kuma ta biya kuɗin makarantar ɗanta, malamin ya zo aski. Kuɗi ɗaya ne yake zagayawa, kuma a kowane zagaye wani abu yana fita daga unguwar: kuɗin fetur, kuɗin kati, kuɗin magani, kuɗin shinkafa da taliya da atamfar da aka yi a wani wuri. Hidimar unguwa kamar ruwan randa ce, kowa na ɗiba ya miƙa wa na kusa da shi, amma dole a samu mai zuwa rafi. A zamanin masaƙu, yadin da aka saƙa a Kakuri a Kantin Kwari ta Kano ake sayar da shi, a Anacha, a Legas, har ya tsallaka Nijar da Chadi da Kamaru, kuɗin ya dawo Kaduna ya zama albashi. Ƙarshen wata ba ma'aikaci kaɗai ke murna ba: mai gidan haya a Makera, mai tuwo a bakin ƙofar kamfani, mai gyaran keke, mai shagon da ya ba da bashi, tela, duk ranarsu ce. Hidimar kudancin Kaduna a bayan masana'anta ta girma. Waɗanda suke kallon yawan shaguna a yau su ce ai hidima ta maye gurbin masaƙa, sun manta cewa yawan shago ba shi ne yawan ciniki ba.

To yanzu wa ke zuwa rafin? In aka bi diddigi, galibin kuɗin da ke shigowa garin daga waje albashin gwamnati ne: na ma'aikatan jiha da na tarayya, na sojoji da 'yan sanda, na 'yan fansho, da kwangiloli. Sai abin da 'ya'ya ke aikowa daga Abuja da Legas da ƙetare. Albashin gwamnati kuwa kaso mai tsoka daga rabon da ake yi a Abuja yake fitowa, wanda ɗanyen mai ke riƙe da babban ɓangarensa. Ashe ke nan lemar mai POS a Sabon Tasha, in ka bi igiyarta, a rijiyar mai ta Neja Delta take ɗaure. Garin da ake cewa ya haye zuwa kashi na uku, a gaskiya ya koma dogaro da kashi na farko ne, kuma na wani yanki mai nisa, wanda ba shi da iko a kan farashinsa. Shi ya sa duk lokacin da aka yi jinkirin albashi ko aka rage ma'aikata, kasuwa takan mutu a mako guda.

Akwai kuma batun abin da hannu ɗaya ke iya samarwa. Ma'aikacin masana'anta in aka ba shi inji mafi kyau, abin da yake fitarwa a yini yana iya ninkawa, daga nan ne ƙarin albashi ke fitowa ba tare da an cuci kowa ba. Direban keke ba shi da wannan hanya. Fasinjojin Barnawa zuwa Television ba sa ƙaruwa don an ƙaro keke ɗari, sai dai a raba su, kowa ya koma gida da ƙasa da abin da ya samu bara. Da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, masu irin wannan sana'a ne suka fara ji a jika, domin ba su da wani wurin da za su matse su fitar da riba.

Masu wannan ra'ayi suna kuma waiwayar ƙauye. Masaƙa ita ce ta haɗa manomi da ɗan kasuwa. Auduga ta bar gona ta je injin gurza, a raba ta da angurya, anguryar a matse ta a samu mai, tunkuzar ta zama abincin shanu, audugar ta wuce kaɗi da saƙa da rini da bugu, ta isa hannun dillali da tela. Da aka rushe hukumar cinikin auduga a 1986 manomi ya rasa tabbacin iri mai kyau da farashi, da masaƙu suka rufe ya rasa babban mai saye, injunan gurza da dama suka yi shiru. Mutuwar kashi na biyu ta raunata na farko. A shekarun baya-bayan nan kuma 'yan bindiga sun kori manoma daga gonakinsu a sassan Chikun da Kachiya da Birnin Gwari, suka kwararo gefen gari, Gonin Gora da Romi da Mararaban Rido, galibinsu kuma a dako da acaba da talla suka ƙare. Ta gaba da ta baya ake turo mutane cikin hidima, daga masana'antar da ta rufe da gonar da ta gagara.

Ba zan bar batun zamantakewa ba, ko da yake ba ya shiga ma'auni. A zauren saƙa Bahaushe da Bajju da Gbagyi da Tibi da Idoma da Bayarabe suna tsaye a layi ɗaya, shugaba ɗaya, albashi ɗaya, ƙorafi ɗaya. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da ɗinki ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978, a Kaduna hedikwatarta take, kuma daga Arewa Textiles Adams Oshiomhole ya taso har ya zama babban sakatarenta a 1982, daga baya ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa. Ba na cewa rufe masaƙu ne ya haddasa rikicin addini na 2000 da na 2002, domin na farkon ya auku ne injuna na aiki. Abin da nake cewa shi ne, a daidai lokacin da tsoro ya sa mutane suka tattara kayansu, Musulmi da yawa suka koma arewacin kogi, Kirista da yawa suka koma kudu, a lokacin ne wuraren da ke tilasta musu haɗuwa kowace safiya suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Mai shago unguwarsa yake yi wa ciniki. Ma'aikacin kamfani dole ya tsallaka gada.

Ga masu cewa Afirka ta makara, masu goyon bayan masana'anta suna nuna Bangaladash, wadda kusan duk audugar da take amfani da ita sayowa take yi, amma ɗinkin tufafi ya ba mutum kusan miliyan huɗu aiki, yawancinsu mata, ya kuma zama fiye da kashi 80 cikin 100 na abin da take fitarwa. Suna nuna maƙwabciyarmu Jamhuriyar Benin, wadda ta tashar Kwatano ne yadin waje ya daɗe yana bi ya haura Nijar ya faɗo mana ta Maraɗi da Jibiya. Ita ce yau ta keɓe yankin masana'antu a Glo-Djigbé tana kaɗa audugarta tana ɗinka riguna don kasuwar waje.

Ni dai ga inda na tsaya. A kan tushen magana ina tare da masu masana'anta: gari mai yawan mutane irin Kaduna ba zai rayu da aski da kati da haya ba, dole ya sayar wa wasu garuruwa wani abu. Amma a kan hanya ina ganin masu hidima sun fi gaskiya, kuma ina jin takaicin yadda kowane ɗan takara yake zuwa bakin ƙofar KTL ya yi alkawarin buɗe ta, a tafa, a watse. Injunan sun tsufa, kasuwar ta sauya, kuma kamfani guda mai ɗaukar dubban mutane a ƙarƙashin rufi ɗaya ba shi ne siffar da masana'anta za ta dawo da ita ba. Wannan alkawari yana hana mu ganin abin da ke gabanmu.

Abin da ke gabanmu kuwa shi ne kashi na biyu bai mutu a kudancin Kaduna ba, ya dai ƙanƙance ya shige shaguna, har jadawali da ido suna ɗaukarsa hidima. Mai walda da ke ƙera ƙofa da taga da injin niƙa, kafinta, mai gidan burodi, mai buga bulo, mai sarrafa ruwan leda, mai yin sabulu da man shafawa, mai casar masara, tela mai keke biyar da yara takwas, duk masu sarrafawa ne. Da yawansu ma a masaƙa ko a Peugeot suka koyi riƙe sufana da karanta ma'auni, ko kuwa a hannun wanda ya koya a can. Ita kanta ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, da mambobinta suka ragu, teloli masu zaman kansu ta shiga tattarawa. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Lokacin da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar da garin da tufafinsa ke kaiwa har Tumbutu da ƙetaren Sahara, ba tare da wani katafaren kamfani ba. Mutum guda da damina manomi ne, da rani masaƙi ko marini, in ayari ya tashi ya zama falke. Kakanninmu ba su ɗauki sassan nan uku a matsayin matakalar da ake taka ɗaya a bar ɗaya ba, sana'o'i ne da ke ciyar da juna a gida ɗaya. Har yau ma'aikacin gwamnati a Narayi yana da gona a hanyar Kachiya, matarsa na da injin markaɗe a ƙofar gida.

Saboda haka tambayar da nake yi wa kowace sana'a biyu ce: tana jawo kuɗi daga wajen gari? Kuma in aka ba mai ita wuta da inji, abin da yake samarwa zai ƙaru? Duk wadda ta amsa e, ita ta cancanci kuɗin gwamnati, ko a wane kashi jadawali ya ajiye ta. Yarinyar da ke rubuta manhaja a Barnawa tana karɓar kuɗi daga Legas ta ci wannan jarrabawa, asibitin da marasa lafiya ke zuwa daga wasu jihohi ya ci, tashar tsandauri da aka buɗe a Kakuri a watan Janairun 2018 za ta ci in jirgin kaya na zuwa a kai a kai. Amma irin waɗannan mutum nawa za su ɗauka, a garin da yawancin matasansa sakandare suka tsaya? Mafi yawan amsar tana wajen sarrafa abin da jihar ke nomawa. Kaduna na sahun gaba a masara, ita ce kan gaba a citta. Cittar Kachiya da Jaba da Kagarko a tsage a busar ake loda ta a tirela, ta ratsa ta wuce Legas, a can ƙetare a niƙa ta a tatse manta a ci ribar. Kamfanin Olam da ya buɗe injin abincin kaji da wurin ƙyanƙyasa a Chikun a 2017 ya nuna cewa masara da waken suya na iya tsayawa a nan su zama wani abu kafin su tafi. Ga kayan makaranta na miliyoyin yara, ga kakin soja da na 'yan sanda da na ma'aikatan asibiti, ɗinkin da telolin Kakuri da Nassarawa za su iya in an haɗa su an ba su oda tabbatacciya. Ɗinki shi ne ɓangaren harkar tufafi da har yanzu inji bai kori hannu ba, kuma shi ne wanda mata za su shiga da yawa.

Duk wannan magana ce kawai in babu wuta. Kogin da ya raba garin, in ya gangara Jihar Neja, shi ne ke juya injunan Shiroro masu megawat 600, amma mai walda a Kudenda janareta yake tayarwa, rabin ribarsa ta tafi a mai. A Kudendan nan aka ba da kwangilar tashar lantarki mai megawat 215 tun 2009, aka shafe fiye da shekara goma unguwar ba ta ga haskenta ba. Bututun iskar gas daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, an ƙaddamar da aikinsa a 2020, kuma shi ne zai iya maye gurbin baƙin man da masaƙu suka dogara da shi a da. A nan ɓangarorin muhawarar biyu ba su da saɓani, domin mai sayar da ƙanƙara da mai saƙa bukatarsu ɗaya.

Filayen tsofaffin masaƙun suna nan a tsakiyar gari, kusa da dogo, kusa da babbar hanya, da manyan rumfuna da magudanai. KTL ta jihohin Arewa 19 ce, don haka ba a rasa wanda zai yanke hukunci ba. Abin da nake so in gani shi ne a fara biyan tsofaffin ma'aikatanta haƙƙoƙinsu, waɗanda suka shafe shekaru suna nema har da yawa suka rasu ba su karɓa ba, a ba magadansu. Sannan a hana yanka filin a mai da shi rukunin gidaje ko kantuna. A gyara rumfunan, a ja musu layin wuta nasu na kansu, a raba su haya mai sauƙi ga teloli da maƙera da masu niƙa citta da masu matse waken suya, tare da sharaɗin kowa ya yi rajista, ya ɗauki yara koyo, ya sa ma'aikatansa a tsarin inshorar lafiya.